Wata Biyar Tsakanin Ofori da Konadu

Duk macen da ta haihu a Konongo cikin shekara ashirin ɗin nan, in dai ba a gida ta sauka ba, da wuya a ce ba ta sha masifar Afrakoma ba. Ungozoma ce a asibitin gari, gajeriya mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa tun daga bakin titi ake jiyo ta. Mace tana naƙuda tana kiran uwarta, sai Afrakoma ta daka mata tsawa: "Ranar da kika je ɗaukowa da uwar taki kika je? Yunƙura mini!" Amma da jini zai ɓalle, ko yaro ya taho da ƙafa, ita ɗin dai ake aikawa a kira, ko da ta tashi daga aiki ta ɗora tukunya. Mata su zage ta a ɗakin haihuwa, ranar suna kuma su aiko mata da ƙwai da doya.

Ƙawayenta ba su da yawa, dalili kuwa ba ta iya ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi don zaman lafiya. In miyarki ba ta yi daɗi ba, kada ki tambaye ta. In zanen da kika ɗaura zuwa jana'iza bai karɓe ki ba, ki bi ta wata hanya. To wannan matar ce ofishin biza ya rubuto wa cewa ta yi ƙarya.

Aiki ta samu a wani asibiti a Ingila. Rabin waɗanda suka fara aiki tare tuni sun tafi, ita ta tsaya tana cewa wani dai dole ya karɓi haihuwar matan Konongo. Sai da ta ga ginin da suka fara da mijinta Dankwa ya shekara takwas yana jiran rufi, ciyawa ta tsiro a inda za a yi falo, sannan ta sauko. Ta zauna ta yi karatu kamar 'yar makaranta, ta ci jarrabawarsu, asibitin ya aiko mata da takardar ɗauka, ta nemi biza ta ma'aikata masu sana'a: ita, da Dankwa, da 'ya'yanta biyu, Ofori da Konadu.

Da rana tsaka saƙon ya shigo wayarta, tana zaune a ɗakin ma'aikata tana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. An ƙi. Sun ce ta ba da bayanin ƙarya, domin ta rubuta cewa ita ce uwar yara biyu waɗanda wata biyar ne kacal tsakanin haihuwarsu. Saboda haka kada ta sake neman shiga ƙasarsu sai bayan shekara goma. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ture ayabar gefe. Ita da hannunta ya karɓi rabin garin nan, ita za a zauna a wani ofis mai sanyi a koya wa cewa mace ba ta haihuwa sau biyu cikin wata biyar?

Abin da ya faru shekara goma sha biyar da suka wuce, babu dattijon Konongo da bai san shi ba. Afrakoma tana da ƙanwa, Pokuaa, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ce. Wani mai haƙar zinariya a ramukan bayan gari ya yi mata ciki, bai ko kawo kwalbar giyar gaisuwar neman aure gidansu ba, da cikin ya fito ya tattara ya ɓace. Ranar da naƙuda ta kama Pokuaa, Afrakoma tana hutun jego, Ofori yana wata biyar. Da goyonta ta shiga ɗakin haihuwa, ta kwance shi ta miƙa wa wata, ta karɓi haihuwar ƙanwarta da hannunta. Yarinya ta faɗo lafiya. Jini ya ɓalle wa uwar, aka nemi wanda za a ƙara mata aka rasa, kafin rana ta take Pokuaa ta cika. A ranar Afrakoma ta ɗora jaririyar a nononta na hagu, Ofori yana na dama, kuma haka suka sha har aka yaye su tare.

Bayan an gama zaman makoki dangi suka taru. Kawu Ampofo, wan uwarsu, shi ne babban gida. Ya zuba giya a ƙasa, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya naɗa Afrakoma magajiyar Pokuaa. Zannuwanta, tukwanenta, keken ɗinkinta da 'yarta duk suka zama nata, don wanda ya gaji mamaci shi ne mamacin, an rufe magana. Dankwa ya raɗa wa yarinyar Konadu, sunan uwarsa da ta haife shi. Da lokacin sa su makaranta ya yi aka je yankar takardar haihuwa, akawu ya tambayi sunan uwa, Afrakoma ta faɗi nata, ya tambayi ranar haihuwa, ta faɗi ta kowanne kamar yadda take. Ko a ranta ba ta ji ta ɓoye wani abu ba.

Ko Konadu ta sani, ko ba ta sani ba, babu wanda ya taɓa tambaya. Sau ɗaya, tana 'yar shekara tara, ta yi lissafi da yatsunta ta zo kicin da tambaya. Afrakoma ta ce mata, "Ke da lissafinki! Ɗauko mini gishiri." Maganar ba ta sake tashi ba. Hoton Pokuaa yana rataye a falo, yaran kuma suna ce mata ƙaramar mama da ta rasu.

Da yamma ta nuna wa Dankwa saƙon. Shi mutum ne mai sanyi, tagogin alminiyam yake haɗawa, magana ma sai ya auna ta kamar gilashi. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ce, "Afra, da kin ji tawa tun lokacin, da mun rubuta su tagwaye. Wa zai sani?"

"Tagwaye? Ofori ɗan Talata, Konadu 'yar Juma'a, in ɗauke ranar haihuwar yarinya in ba ta ta wani? Ranar da Allah ya aiko ta da ita? Baban Ofori, kada ka ƙara mini zafi a kan wanda nake ji. Ka ga inda abin haushin yake? Da na yi ƙaryar da kake faɗa, da yanzu muna ɗaure kaya. Gaskiya na faɗa aka ce mini maƙaryaciya!"

"Yi a hankali, yara za su ji."

Afrakoma ta karɓe wayarta daga hannunsa. Tana jiyo Konadu a tsakar gida tana faɗa da Ofori a kan wanda zai ɗebo ruwa.

Washegari Dankwa ya yi wautar da har yau in aka tuna masa sai ya sunkuyar da kai. Ya kai saƙon shagon kwamfuta a buga masa a takarda don a kai wa lauya. Mai shagon ya karanta kafin ya miƙa, matarsa kuwa kifi take sayarwa a kasuwa. Shi ke nan. Konongo ta yanzu ba ta da ba ce, zinariya ta cika ta da baƙi waɗanda ba su san Pokuaa ba, ba su san komai ba sai abin da suka ji jiya. Da farko aka ce Anti Afra ta karɓi kuɗi za ta fitar da 'yar wani waje. Kafin mako ya zagayo maganar ta yi ƙiba: ungozoma ce fa, yarinyar kuma ba ita ta haife ta ba, to daga ina ta samo ta? Wata da ta taɓa yin ɓari a asibitin ta ce ita dama ba a nuna mata gawar nata ba.

Lauya Asiedu a Kumasi yake, bene na biyu, saman wani shagon takalma. Saurayi ne da ba zai wuce sa'ar ƙaninta ba, sai ƙamshin turare da murmushi. Ya karanta takardar yana kaɗa biro.

"Anti, wannan mai sauƙi ne. Akwai damar a nemi su sake duba hukuncin, amma ƙofar ba ta kai wata ɗaya a buɗe ba. Abin da za mu nuna musu shi ne ba da niyyar yaudara kika rubuta ba. Za ki yi rantsuwa a kotu cewa yarinyar ba 'yarki ba ce, 'yar ƙanwarki ce. Babban gidanku ya yi tasa a kan gadon. Sai a ɗebi yawunki da na yarinyar a gwada, don su ga jini ɗaya ne, ba 'yar wani kika ɗauko ba."

"Maimaita na farkon."

"Za ki rantse cewa ba 'yarki..."

"Lauya, kana da uwa?"

Murmushin ya ɗan ragu. "Tana nan da ranta, Anti."

"To in ka koma gida ka tambaye ta, macen da ta shayar da yaro har nononta ya tsage, ta kwana a tsaye da shi ranar ƙyanda, mece ce ita a wurinsa. Su sun ce na yi ƙarya. Kai kuma don ka wanke ni, ka ce in je in dafa Littafi Mai Tsarki in yi wadda ta fi ta. Wannan ne karatun da aka tura ka?"

"Anti, ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san gado. Amma su uwa ɗaya suka sani, wadda ta yi naƙuda. In ba ki ba su amsa da irin maganarsu ba, sunanki zai zauna a littafinsu a matsayin mai yaudara. Kuma in gaya miki tun yanzu, ko mun ci, ta yiwu su riƙe bizar yarinyar har sai kotu ta ba ki riƙonta a rubuce."

Wannan na ƙarshen ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, don hankalinta yana kan yawun. Rantsuwa za a iya yi a ɓoye, amma ba a buɗe bakin budurwa 'yar shekara goma sha biyar a zura auduga ba tare da an gaya mata dalili ba. Ta sauko daga benen ko sallama ba ta yi masa ba. A mota ta yi faɗa da yaron mota a kan canji, ta yi da wata da ta taka mata ƙafa, ta yi da direba don ya tsaya shan mai.

Ta ƙudura a ranta ta haƙura da Ingila. Su riƙe ƙasarsu, sanyinta ya kashe su. Amma garin bai bar ta ba. Ran Laraba aka kawo wata yarinya mai naƙudar fari, uwar mijinta na biye, wata baƙuwa daga yamma. Da tsohuwar ta ji an ce Anti Afra ce a bakin aiki sai ta ja ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa.

"Ni fa zan shiga. Ido na zai ga abin da ya fito, da kuma inda aka kai shi."

"Iya, ba a shiga nan."

"Yo ai saboda ba a shiga ɗin ne abin da ake yi ake yi."

Ma'aikata uku ne a wurin, biyu daga ciki sun girmi Afrakoma a aiki, sun ga ranar da Pokuaa ta mutu da idonsu. Ɗaya ta kama gyaran gado, ɗayar ta dubi silin. Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. A nan ba a tona asalin mutum. Wanda ya san gaskiya bakinsa a ɗaure yake, wanda bai san komai ba kuwa nasa a sake. Ta karɓi haihuwar, ta ɗago yaron tun da cibiyarsa ta nuna wa tsohuwar ta taga, ta ce, "Ga shi nan, ƙirga masa yatsu." Sannan ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kukan da rabonta da shi tun jana'izar uwarta.

Daga asibitin gidan Kawu Ampofo ta wuce, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta same shi a ƙarƙashin bishiyar lemo yana sauraron rediyo, ya tsufa har zanensa ya fi ƙarfin kafaɗarsa. Ta gaishe shi a tsaye. Ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi abin da ke tafe da ita kamar bai sani ba, ta zayyana masa.

"Ba zan sa hannu ba," in ji shi. "Ni na zuba giyar nan a ƙasa. Na gaya wa matattu yarinyar nan ta sami uwa. Yanzu in koma in ce musu wasa nake yi, saboda Bature yana son takarda?"

"Kawu, ana ce mini ɓarauniyar jarirai! A cikin asibitin da na ba shekara ashirin! Ku kuka ɗora mini ita, na karɓa da hannu biyu, ban taɓa zuwa ƙofar nan neman kuɗin makarantarta ba. Yau ana jan sunana a kasuwa kamar tsumma, duk kun zama kurame. Mutum ɗaya a cikinku ya buɗe baki ya ce ƙarya ne, mun san inda yarinyar ta fito. Mutum ɗaya!"

"Duk wanda ya faɗa ya tsiraita ta. Shirun da kike zagi, shi ne zanen da take ɗaure da shi tun tana jaririya."

"Ni kuma fa? In tafi tsirara?"

"Ke babba ce. Zagi ba ya ƙari, zai wuce."

"Ba zai wuce ba, Kawu. Yau a ƙofar ɗakin haihuwa ne, gobe a makarantarsu ne. Kana so ta ji daga bakin mai kifi cewa sato ta aka yi?"

Tsohon ya kashe rediyon. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Magana zarar bunu ce, 'yar nan. In kin ga dole ne, to ki gaya mata da bakinki, ni ba zan riga ki ba. In kin iya kallon idonta kin faɗa, ki dawo da tunkiya a yanka a ba matattu haƙuri, sannan in dangwala muku yatsa. Amma kada ki zo nan gaba ki ce ban faɗa miki ba."

Ta tafi tana jin haushinsa, da na lauya, da na Dankwa, da na wanda ya rubuto saƙon bai ko san fuskarta ba. Har Pokuaa sai da ta ji haushinta, da ta kwanta ta mutu ta bar ta da wannan.

Ran Asabar ta aiki Dankwa da Ofori wajen ginin su sare ciyawa. Aka dafa rogo da ayaba za a daka fufu, sakwarar ƙasar. Kullum Ofori ne ke daka, Konadu na juyawa, yau sai Afrakoma ta ɗauki taɓaryar da kanta. Konadu ta zauna a 'yar kujera gaban turmi, ta tsoma hannu a ruwa, doguwa siririya mai askakken kai irin na 'yan makaranta. Taɓarya ta sauka, hannu ya shiga ya juya ya fita, taɓarya ta sake sauka. Sai da fufun ya fara haɗe kansa sannan Afrakoma ta tsaya, ta jingina taɓaryar a kafaɗa.

"Konadu."

"Na'am, Mama."

"Abin da ake faɗa a gari, kin ji?"

"Na ji."

"Ƙarya ne. Ban sato ki ba." Ita da ba ta taɓa neman kalma ta rasa ba, yau harshenta ya yi nauyi. "Pokuaa ce ta haife ki. A hannuna. Ta rasu a ranar, na ɗauke ki."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shafa fufun da jiƙaƙƙen hannu tana tattara gefensa, kamar taɓaryar na nan tafe.

"Ta gan ni?"

Wata uwar da sai ta ce ta gan ki, ta rungume ki, ta sa miki albarka. Babu mai ƙaryata ta, kuma ko Allah ba zai kama ta ba. Afrakoma ta buɗe baki ta nemi wannan maganar, ta ƙi fitowa.

"A'a. Hankalinta ya riga ya gushe."

Konadu ta gyaɗa kai. "Saboda takardar nan kika gaya mini?"

"Saboda bakin mutane. Da takardar."

"Da ba su hana ba fa?"

"Da har in mutu ba za ki ji a bakina ba."

"To." Ta sake tsoma hannu a ruwa. "Mama, ki daka, zai yi gudaji."

Suka gama dakan. Aka ci da miyar kifi, Ofori yana ta surutun macijin da suka kashe a wajen gini.

Sauran abin ya tafi yadda lauya ya tsara. Aka yanka tunkiya a gidan Kawu, ya dangwala yatsa yana kallon wani wajen. A kotu akawu ya karanta rantsuwar da ƙarfi kamar mai shelar ɓatan akuya, Afrakoma ta dafa Littafi ta maimaita bayansa cewa ita ba ita ce mahaifiyar Konadu ba. Ta faɗa da ƙarfi ita ma, tana harararsa, har ya rage murya. A Kumasi wata ma'aikaciya ta goga musu auduga a baki, ta dube su ta ce, "Kai, kamarku ɗaya da 'yar taki." Da labarin tunkiyar ya zaga gari, masu kifi suka yi tsit, dattawa kuma suka fara gaishe ta a gajarce.

A gida babu abin da ya canja da za a nuna da yatsa. Konadu tana cewa Mama, tana shara, tana zuwa makaranta. Sai dai ta daina faɗa da Ofori. In ya ɗauki naman da ya fi girma ta bar masa, in ya ƙi ɗebo ruwa ta ɗauki bokiti ta tafi. Ta fara cewa na gode in an ba ta kuɗin mota. Wannan na goden ya fi zagin kasuwa ciwo, har wata rana Afrakoma ta daka mata tsawa ta ce in ta ƙara gode mata sai ta mare ta. Yarinyar ta ce, "Yi haƙuri, Mama."

Damina ta kusa ƙarewa lauya ya kira, muryarsa har rawa take don murna. Sun ci. An yarda ba ta yi niyyar yaudara ba, an ɗage shekara goman, asibitin can ma ya ce har yanzu yana jiranta. An ba ta biza, an ba Dankwa, an ba Ofori.

"Konadu fa?"

"Anti, ai na faɗa miki tun ranar farko. Tunda kin rantse ba 'yarki ba ce, ba za ta bi ki a matsayin 'ya ba sai kotu ta ba ki riƙonta. Kotu kuma za ta nemi uban, ya yarda ko a kawo shaidar ya mutu. In an dace, shekara ɗaya ko biyu."

"Uban? Wane uban? Wanda ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba? In bi ramukan zinariya ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, in roƙi ɗan iskan da ya gudu ya bar ƙanwata da ciki ya ba ni izinin 'yar da na shayar? Da na ce 'yata ce, kun ce ƙarya. Na ce ba 'yata ba ce, kun ce to bar ta. Me kuke so in ce? Ku faɗa mini abin da kuke so in ce!"

Ta jefar da wayar a kan kujera. A tsakar gida take, maƙwabta sun leƙo ta katanga, Dankwa ya fito da ƙaramin tawul a wuya yana ba ta haƙuri. Ta ce babu inda za ta. Su ci bizarsu, ginin ya rushe, ciyawa ta cinye shi. Ita ba ta haifi ɗa ta raba shi da 'yar'uwarsa ba, ba kuma za ta hau jirgi ta bar 'yarta a gidan tsoho kamar kayan ajiya ba. Ta faɗa, ta maimaita, ta rantse da kabarin uwarta.

Konadu tana bakin famfo tana wanke kayan makarantarta. Ta bari sai da muryar ta dushe, maƙwabta suka janye kawunansu, sannan ta matse rigar da ke hannunta ta shanya, ta goge hannu a zanenta, ta zo ta tsaya gabanta. Ta fi ta tsawo yanzu, sai Afrakoma ta ɗaga kai.

"Mama, ki tafi."

"Rufe mini baki. Wa ya sa da ke?"

"Zan zauna wurin Kawu. Makaranta ma ta fi kusa daga can."

"Na ce ba zan tafi in bar ki ba!"

"Ki tafi," in ji yarinyar, a hankali, idonta a bushe. "Kin riga kin faɗa mini, kin faɗa wa kotu, gari duk ya ji. Ba ya komawa. In kika zauna kuma, to a banza kika faɗa."

Matar da ba a taɓa gaya wa magana ta kwana ba ta rama ba, yau sai ta sunkuya ta ɗauki wayar da ta jefar, domin yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Konadu ta koma bakin famfo ta ci gaba da wankinta.